Ƙofar Fasinja

Pleasant Garden, Greensboro
Maris, 2023

Zuwa ga Hajiya Sa'ida, 'yar Kawu, mai iƙirarin ita ce uwar gijiyata,

Sallama, da gaisuwa daidai wadda tsohuwa za ta iya ɗauka. Ina fatan gwiwoyin nan naki sun rage kuka, da fatan jikanki Hisham da ƙannensa suna lafiya. Ni ma alhamdu lillahi. Ɗana Najib da iyalinsa suna can Irving Park cikin masu kuɗi, yaransa suna gaishe ki da Turanci.

Takardarki ta iso ta hannun Malam Zakariya da ya dawo daga hutu. Kin ce jikoki sun tsare ki da tambaya kan hoton nan da ke rataye a ɗakinki, wanda na jingina da mota, na sha kwat, gashi kamar kwando, wai wace irin mota ce mai kama da kwaɗo. Ki gaya musu sunanta Pacer, kuma a zamaninta ma dariya ake yi mata. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na jikinta gilashi ne. Da rani in ka shiga da ɗanyen ƙwai a aljihu, dafaffe za ka fito da shi. Sannan ƙofar fasinja ta fi ta direba tsawo da kamar faɗin tafin hannu, da gangan aka yi, wai don masu shiga baya su ji daɗi. Matata Hafsatu, Allah ya jiƙanta, cewa take yi ita kaɗai ce motar da aka ƙera don girmama matar gida.

Ba ni kaɗai na sha wahala ba. Mu ɗaliban wancan lokaci duk irin waɗannan ƙananan motocin muke saye, don su ne masu araha. Wani abokina ɗan Zariya ya sayi wadda ake kira Pinto, mai tankin mai a gindi, wadda aka yi ta surutu a jaridu cewa in an buge ta ta baya tana iya kamawa da wuta. Ranar Juma'a in mun jera za mu masallaci, ba mai yarda ya bi bayansa. Sai a bar masa titi shi kaɗai, shi kuwa yana ɗaga mana hannu, ya ɗauka girmamawa ce.

Watan jiya na je sabunta lasin. Matar da ke ofishin ta ce in leƙa cikin na'ura in karanta layi na uku. Na ce mata ina layin yake? Ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci ne, can kuma ta daina dariyar. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa. Najib ya zo ya ɗauke mukullin motata mai tafiya, ya bar mini kwaɗon a bayan gida, inda take tun da ta daina motsi, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta.

Ke ba ki san unguwar nan ba. Gida da gida kamar gona da gona, ba mai shayi, ba ɗan acaɓa, ba bas. Wanda ba ya tuƙi, ko gishiri ne ya ƙare masa sai ya jira Asabar ɗansa ya zo. Da la'asar nakan je in zauna a kujerar direba in riƙe sitiyari, har sauro ya kore ni.

Af, ɗakin Inna yana nan kuwa, wanda ke gindin darbejiya? Na ce ko bawa zai sami wurin shimfiɗa tabarma in ya tsufa.

Naki, wanda bai taɓa zama bawan kowa ba,
Maikano

Malumfashi
Mayu, 2023

Zuwa ga bawana Maikano, ɗan Goggo,

Amin wa alaikumus salam. Gwiwoyina sun fi motarka lafiya, don su ko ba komai suna kai ni masallaci. Kowa yana nan ƙalau. An yi ruwan farko, har mun yi shuka a gonar bayan gari.

Ka daina musun abin da ka tarar. Ubana wan uwarka ne, ni 'yar namiji, kai ɗan mace, tun kakanni haka taubasantaka take. Ko ka zama farfesa sau goma, ko ka shekara ɗari a Amurka, bawana ne kai.

Takardarka ta yi mana amfani. Ranar sunan jikar Hajiya Ramlatu na tafi da ita na karanta wa mata. Da na zo wurin ɗan Zariya da aka bar wa titi, Ramlatu ta ƙware da kunu, sai da aka bubbuga mata baya. Yanzu duk yaron da ya yi tusa a gidan nan, Pinto ake ce masa, ba mai zama bayansa. Hisham ya duba a waya ya ce wallahi gaskiya ka faɗa kan ƙofar nan, na ce to yau ɗaya dai bawa ya yi gaskiya, a rubuta.

Maganar ido kuwa, yaushe ka taɓa gani? Mutumin da ya zagaya Amurka kaf, ya tsallake duk motocin da muke gani a hannun manya, ya zaɓo kwaɗo ya biya kuɗinsa, ai tun ran nan ya kamata su karɓe lasin. Sun ma yi maka kara. Ka sa kwalli, ka rage karatun dare, ka bar neman a tausaya maka.

Ɗakin Goggo yana nan, buhunan masara ne a ciki da wata kaza mai kwanci. Na tambaye ta ko za ta matsa wa baƙo daga Amurka, ta ce sai ta ƙyanƙyashe. Kai mai gida da ciyawa kamar filin ƙwallo, me za ka yi da ɗakin ƙasa mai yoyo? Tun ina da baƙin gashi kake cewa ga ka nan tafe.

Hisham zai yi aure bayan Babbar Salla, in Allah ya kai mu. Ka ƙaro mana labarin motocin nan, mata suna jira.

Uwar gijiyarka,
Sa'ida

Pleasant Garden
Yuli, 2023

Sa'ida,

Ina gaishe ki, ina gaida gida, Allah ya sanya alheri a auren Hisham. Jiki da sauƙi, ido babu. Gilashin ƙara girma nake ɗorawa a kan takarda, shi ya sa za ki ga layukan suna hawa suna sauka.

Tunda mata suna jira, ga nasu. Akwai wata Gremlin, sunan ma wani ɗan aljani ne da Turawa ke cewa yana lalata inji. An ce wanda ya zana ta a cikin jirgin sama ya fara zanen, a bayan jakar da ake ba fasinja ya yi amai. In kika gan ta za ki rantse an sare mata gindi da gatari. Kuma ranar ɗaya ga Afrilu suka fito da ita kasuwa, ranar da suke yi wa juna ƙarya don wasa. Akwai kuma Vega, mai shan baƙin mai kamar shayi, wadda tsatsa ke kamawa tun tana yarinya. Ita a jirgin ƙasa ba a kwance ake loda ta ba, a tsaye ake jera su, hanci ƙasa gindi sama, don tarago ɗaya ya ɗauki da yawa.

Wannan ta ƙarshen na tuna makon jiya. Najib ya ɗauke ni wai za mu sayo nama a kantin Larabawa a Gate City Boulevard, sai ya wuce kantin, ya shiga wani gida mai furanni a ƙofa. Gidan tsofaffi ne. Suna jere a baranda cikin kekunan guragu, kai a sunkuye, ba mai magana da na kusa da shi. Wata mata ta nuna mini ɗaki mai gado ɗaya da talabijin. A mota na ce masa, Najib, nan za ka kawo ni? Da Hausa na tambaye shi, da Turanci ya amsa, yana kuka yana tuƙi.

Kada ki zage shi. Na bar tukunya a wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tara maƙwabta. Ya kai ni gidansa, bene ne, shi da matarsa duk aiki suke fita, na faɗo daga matakala ba kowa a gida. Yaron ya yi iya yinsa. Na ce masa to ya sa ni a jirgi in koma gida, ya ce ba zai tura makahon tsoho inda ba wanda ya ce a kawo shi ba. Ya kuwa yi gaskiya. Gidan Kawu ne, ni ɗan mace ne, ba ni da ko taku ɗaya a ciki. Riƙo aka yi mana ni da Inna bayan rasuwar mahaifina. Yanzu ke ce babba a gidan.

Na so in kira ki, amma kunnen ma ya bi ido, kuma na san halinki, a sifika za ki sa gida duka ya ji. Abin da ba zan iya faɗa da baki ba ne nake rubutawa. Ina jin tsoro, Sa'ida. Ba na son in mutu inda ba mai kiran sunana daidai. Ki rubuto layi ɗaya ki ce in zo, in nuna wa Najib. Ɗakin Inna ya ishe ni, ko da kazar a ciki.

Ba wasa nake yi ba.

Maikano

Malumfashi
Satumba, 2023

Bawana,

Gaisuwa a gurguje, don har yanzu gajiyar biki ba ta sake ni ba. An ɗaura, an kawo amarya, sunanta Umaima, yarinya mai kunya, sai dai tuwonta da sauran aiki.

Kai, Maikano, Allah ya shirye ka. Tsufa ya ƙara maka iya tsara zance. Har na fara matsar ƙwalla a wurin tsofaffin baranda, sai idona ya sauka kan layin ƙarshe, na ce ashsha, na kusa faɗawa. Ka manta ne? Shekarar da ka rubuto cewa an naɗa ka Sarkin Hausawan Amurka, in aiko da rawani da alkyabba, da wannan layin ka rufe takardar. Na je har Kano na sayo, na sa aka yi guɗa a gidan nan, kai kuwa ka aiko mini da hotonka kana wanke kwaɗo da rawanin. Ba a cizon mumini sau biyu a rami ɗaya. Kai da bakinka ka gaya mini mutanenku suna da ranar ƙarya, na ga kai taka ta kai har Yuli.

Kuma ka nemi wata ƙaryar mai kama hankali. Najib jinin Hafsatu ne. Ɗan Bahaushe ya ɗauki ubansa ya kai gidan ajiya kamar kaya? Ko a tatsuniya ban taɓa ji ba. Ban karanta wa mata wannan ɓangaren ba, kada su ɗauka gaske ne su ɓata wa yaro suna. Na jakar amai kawai na karanta musu.

Ɗakin Goggo dai ka makara. Mun fasa bango, mun ƙara shi, an sa tayil da silin, Hisham da amaryarsa suna ciki. Kazar ma an ci ta a walima. In ka matsu ka zo, akwai rumfar awaki.

Rubutunka ya zama na ɗan aji ɗaya. Shekara talatin ina koyarwa, da ɗalibina ne kai da ka sha bulala.

Uwar gijiyarka,
Sa'ida

Malumfashi
Disamba, 2023

Maikano,

Ina gaisuwa. Mun yi girbi, gero ya yi kyau, wake ne tsutsa ta ɓata.

Fushi kake yi don na kama ka? Bawa ba ya fushi da uwar gijiyarsa. Malam Zakariya ya zo hannu wofi, ya ce ya je gidanka ya ga allon sayarwa a ƙofa. Na sa Hisham ya kira lambarka, wata Baturiya ce ke ta maimaita magana ɗaya. Lambar Najib kuwa ba ni da ita, don ban taɓa bukatarta ba.

In wani sabon wasa ne, ya isa haka, ka ci. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Sa'ida

Greensboro
Janairu, 2024

Mama Hajiya Sa'ida,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ba ki san ni ba. Sunana Abigel Choji, 'yar Jos ce ni, nas ce a gidan tsofaffin da Baba Maikano yake tun watan Nuwamba. Ni kaɗai ke jin Hausa a nan, shi ya sa in ina aiki ba ya barina in wuce.

A watan Oktoba jini ya hau masa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A cikin tsohuwar motar nan ta bayan gida maƙwabci ya same shi. Da aka sallame shi daga asibiti aka kawo shi wurinmu. An sa gidan a kasuwa, motar kuma 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun ja ta. Ido yanzu haske da duhu kawai yake bambantawa. Hankalinsa ras yake, bakin ne ya ɗan karkace.

Takardunki biyu ni na karanta masa, ta Disamba Najib ne ya kawo. Ta Satumba ta iso tun kafin ya kwanta, amma ya kasa karantawa, kuma bai yarda ya ba ɗansa ba, a aljihu yake yawo da ita. Da na zo wurin rawani ya yi dariya har tari ya kama shi. Da na zo wurin ɗakin, ya ce in sake karantawa. Na sake. Sai ya juya fuskarsa bango, ranar bai ci abinci ba.

Ya ce kada in rubuto miki. Na ce masa, Baba, ni ba taubashiyarka ba ce, ba wasa tsakaninmu, zan rubuta. Mama, duk abin da ya gaya miki gaskiya ne. Ki yi haƙuri da shisshigina.

Taki,
Abigel

Malumfashi
Fabrairu, 2024

Zuwa ga ɗan'uwana Maikano,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Abigel, Allah ya saka miki da alheri.

Na ɗauko takardarka ta Yuli na sake karantawa, na rasa inda na ajiye hankalina. Ka ce kana jin tsoro, ni kuwa na ce akwai rumfar awaki. Tun da na karanta ta Abigel abinci ba ya wuce mini. Ka yafe mini don Allah.

Ka zo gida. Ga layin da ka roƙa, a nuna wa Najib: ni Sa'idatu, babba a gidan mahaifina Malam Ali, na ce a kawo mini ɗan'uwana. Na kwashe kayana na koma ɗakin jikoki, nawa an yi masa farar ƙasa, an sa katifa sabuwa, an daidaita dokin ƙofa don keke ya shiga. Hisham zai je Kano ya tarbe ka a filin jirgi. Ni zan riƙa ba ka abinci a baki in ta kama. Gidan nan naka ne kamar yadda yake nawa, maganar ɗan mace wasa ce, ka sani.

'Yar'uwarka,
Sa'idatu

Greensboro
Maris, 2024

Sa'ida,

Ina gaishe ki. Abigel ke rubutawa, ni ina faɗa, in kin ga rubutun ya gyaru kada ki yaba mini.

An nuna wa Najib layin. Ya kai wa likita da kansa, har likita biyu. Duk sun ce jikin ba zai ɗauki jirgi ba, akwai gudan jini, zuciyar ma ta raunana. Da a Yuli ne da an yi, yanzu kam babu hali. Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba. Ni na koya miki kada ki yarda da ni, tun muna yara a gindin darbejiyar nan, kuma kin koya da kyau. Na yafe, ke ma ki yafe rawanin. Ki mayar da kayanki ɗakinki, gwiwoyinki ba za su iya kwanan tabarma ba.

Ga na ƙarshe ki kai wa mata. Tun da na sayi kwaɗon nan ban taɓa shiga ta ƙofar fasinja ba, kullum ni ne direba. Ranar da na faɗi, na lalubo ƙofata ta ƙi buɗuwa, tsatsa ta riƙe ta. Na zagaya na buɗe ɗayar, na zauna a kujerar Hafsatu. Ashe masu ƙerawar sun yi daidai a abu ɗaya, ƙofar tana da faɗi, tsoho yana shiga ba wahala. Na zauna ina jiran wanda zai tuƙa. A nan aka same ni.

Yanzu abin da ya dame ni. Takardarki ta Fabrairu na sa Abigel ta karanta, na ce ta sake, ta duba bayan takardar, ko akwai wani zagi da ta tsallake. Babu ko ɗaya. Kin ce mini ɗan'uwa, kin sa hannu da Sa'idatu. A nan kowa lallaɓa ni yake yi, likita, Najib, har masu shara, da irin muryar da ake yi wa wanda aka cire rai da shi. Duk na jure. Amma da na ji ke ma kin koma lallashi, ran nan na san tawa ta ƙare, na yi kuka a gaban yarinyar mutane.

Ɗakin ya wuce ni, gidan ya wuce ni. Abu ɗaya ya rage da za ki iya aiko mini daga Malumfashi. Ki zage ni, Sa'ida, yadda kika saba.

Bawanki,
Maikano

Malumfashi
Afrilu, 2024

Bawana, malalaci, mai kan kwando,

Wato shekara da shekaru kana musu, sai da ka ga aiki ya ƙare sannan ka amsa sunanka. Bawan da ya kwanta mata suna yi masa hidima, ina amfaninsa? Mota ɗaya ka saya a duniya da za a tuna ka da ita, ita ma ƙofofinta ba su daidaita ba, kamar mai ita. Ramlatu ta ce a gaya maka ko kazar da aka yanka ta fi ka cika alkawari, don ita ta zo walima.

Kayana ba zan mayar ba, ba bawa ne zai gaya mini inda zan kwana ba. Ɗakin yana nan a share, kullum da safe ina buɗe taga.

To, na zage ka, ka ji daɗi.

Abigel, 'yata, ki karanta masa wannan da dariya a muryarki, don ni tawa ta ƙi fita.

Uwar gijiyarka,
Sa'ida